Yaya zan rataya allunan sauti a silin POP ba tare da sun rufto mini ba?

Dan_Bolari
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da ƙaramin situdiyo a gida nan Bolari, Gombe. Ɗaki ne ƙafa sha biyu a goma, tsayinsa ƙafa tara. Yawancin aikina ɗaukar murya ne, tallan rediyo da waƙoƙin biki, wani lokaci kuma ɗalibai su zo su ɗauki karatu. Bango na riga na sa masa allunan shan sauti huɗu, ƙasa kuwa tayil ne, na shimfiɗa darduma a tsakiya. Duk da haka in na tafa hannu sai in ji wani "tirrr" yana bin tafin, murya kuma tana fitowa kamar daga cikin randa. Aka ce mini saura sama. Na sa kafinta ya haɗa mini alluna biyu, kowanne ƙafa huɗu a biyu, kauri inci huɗu, rokwul a ciki (wani abu mai zare-zare kamar auduga da ke shan sauti), firam na katako. Yau mako biyu suna jingine na kasa ratayawa, don silin ɗina POP ne, kuma kaina da na'urorina ne za su zauna a ƙarƙashinsu. Mai POP ya ce fisha (robar nan da ake cusawa a rami don sukuru ya kama) da sukuru sun isa, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa mini yadda ya yi.

KafintanTumfure
Wa alaikumus salam. Gara da zuciyarka ba ta kwanta ba. Kada ka kuskura ka sa fisha a jikin POP. Shi kansa POP ɗin rataye yake. In ka leƙa cikin silin za ka ga filas ne, wato zaren igiya, aka jiƙa da kwaɓin POP aka ɗaure shi a jikin nogin, wato ƙananan katakon da aka gicciya a cikin silin, shi ke nan abin da ke riƙe da shi. Kaurinsa ma da ƙyar ya kai kaurin yatsa. Fisha an yi shi ne don bulo da kankare, inda zai buɗe ya ciji bango. A POP ba abin da zai ciza, sai ya yi ta cin ramin a hankali har ranar da zai sulɓe. Katakon da ke sama za ka nema.

Mai_Kida_Yelwa
Ni dai ban ga dalilin wannan wahalar ba. Sayi soson nan mai ƙwayoyi kamar kiret ɗin ƙwai, ka shafa gam ka manna a silin, an gama. Ba huji, ba sarƙa, ba nauyi. Haka na yi a nawa nan Yelwa kuma tafin nan ya mutu.

Injiniya_Gubi
@Mai_Kida_Yelwa gaskiyarka, tafin zai mutu, amma randar da ɗan'uwa yake kuka da ita ba za ta mutu ba, za ma ta ƙara fitowa fili. Bari in ɗan yi lissafi, ku yi haƙuri da ni.

Sauti yana tafiya kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Abu mai ƙofofi irin soso ko rokwul yana shan sauti ne ta hanyar goga iskar da ke kai da komo a cikin zarensa, har ƙarfinta ya koma ɗan zafi. To a jikin bango ko silin iskar kusan tsaye take, inda take gudu sosai shi ne nisan rubu'in tsawon igiyar sautin daga bangon. Soso mai kaurin inci ɗaya, wato santimita biyu da rabi, rubu'in igiyar da ta kai santimita 10 ke nan, kusan 3,400 Hz (Hz shi ne sau nawa sauti ke kaɗawa a daƙiƙa, yawansa ke nuna siririn sauti, ƙarancinsa kuma mai kauri). Wannan yankin sautin "s" da "sh" ne da ƙarar tafi. Ita kuwa muryar namiji gindinta yana tsakanin 85 da 180 Hz. Igiyar 100 Hz tsawonta ya haura mita uku, soson inci ɗaya ko sanin ta wuce bai yi ba. Sai ka kashe saman murya ka bar ƙasanta yana kumbura, shi ne ɗakin ke yin wannan amon na cikin akwati.

Allon Dan_Bolari inci huɗu ne. In ya bar tazarar wani inci huɗu tsakaninsa da silin, zurfin ya zama santimita 20, lissafin ya sauko wajen 430 Hz, kuma ko ƙasa da nan yana ci gaba da sha gwargwado. Shi ya sa ake rataya shi maimakon a manna. Tazarar nan kyauta ce, iska ce kawai, amma tana aiki kamar ka ƙara kauri.

Mai_Kida_Yelwa
Injiniya na ji lissafi, amma ni kunnena nake bi. Masu kawo mini aiki ba su taɓa ƙorafi ba.

Baba_Rediyo
Ɗana Mai_Kida, ban shiga maganar kunne ba, kowa da nasa. Maganar wuta zan yi maka, don na yi shekaru ina aiki a ɗakin watsa shirye-shirye kafin in yi ritaya, kuma abin da aka fi tsananta mana ke nan. Soson da ba a yi masa maganin wuta ba yana kamawa nan take, yana narkewa yana ɗiga kamar man gyaɗa mai wuta, hayaƙinsa kuma guba ne. A watan Fabrairun 2003 wani gidan rawa mai suna The Station a jihar Rhode Island ta Amurka ya kama da wuta, mutum 100 suka rasu, kuma soson da aka manna don sauti ne ya kama. A watan Janairun 2013 aka sake irinta a garin Santa Maria na Burazil, mutum sama da 240, nan ma soson silin ne. Yanzu ka duba ɗakunanmu: taga an toshe, ƙofa ɗaya, wayoyi sun yi yawa a soket guda, wuta ta zo da ƙarfi ta koma. Ka yanki ɗan guntun sosonka ka fita tsakar gida ka kanga masa ashana. In ya ci gaba da ci bayan ka janye ashanar, ka cire shi daga saman kanka. Rokwul daga narkakken dutse ake yin sa, ba ya kamawa.

Mai_Kida_Yelwa
Allah ya saka da alheri Baba. Wannan kam zan gwada yau.

Dan_Bolari
Na gode duka. @KafintanTumfure to yaya zan gane inda katakon yake tunda POP ya rufe komai? Kuma nogin ɗin zai ɗauka?

KafintanTumfure
Hanya mafi sauƙi ka shiga ciki. Yawancin gidaje ana barin ƙofar silin a baranda ko banɗaki. Ka shiga da sassafe bayan asuba, kafin kwano ya ɗau zafi, don da rana a Gombe cikin rufin nan ba ya shiguwa. Ka tafi da tocila mai ɗaurawa a goshi. Kada ka taka komai sai manyan katakon da suka kwanta daga bango zuwa bango, in ka taka POP ko nogin a ɗaki za ka tsinci kanka.

Nogin tu-bai-tu ne, wato katako inci biyu a biyu, kuma sau da yawa da kusa biyu aka kafa shi, ga nauyin POP ya riga ya ɗauka. Ni ba na ƙara masa kaya. Abin da nake yi, in sayi tu-bai-fo (inci biyu a huɗu) mai kyau, in kwantar da shi a kan manyan katakon guda biyu, a tsaye ta ɓangaren faɗinsa, in ɗaure da sukuru. Daga ɗaki sai a yi ƙaramin huji a POP, a zura dogon rodi mai zare ko wayar ƙarfe ta bi ta hujin ta kama tu-bai-fo ɗin. In rodi ne, ya ratsa katakon a sa masa washa da noti biyu ta sama. Ka ga POP ya zama hanya kawai aka bi ta cikinsa, ko giram ɗaya bai ɗauka ba. Hujin ya ɗan fi rodin faɗi kada ya riƙa gogarsa.

Wani abu kuma, kada ka yarda a buga kusa daga ƙasa zuwa sama a rataya abu a kanta. Kusa tana da ƙarfi in nauyi ya ja ta gefe, amma in ya ja ta a tsaye, zarewa take yi kamar yadda ta shiga.

Sarkin_Wayarin
Ƙari a kan na Oga kafinta: kafin ka hau, kashe wutar gidan gaba ɗaya, ka mai da canji tsakiya, in da inbata ko sola su ma ka kashe. Na sha shiga silin in tarar da waya a haɗe da ledar salatif da ta bushe ta warware, ko ɓera ya ci bayanta. Kana jiƙe da gumi ka dafa irin wannan, Allah ya kiyaye. Kuma kada ka hau kai kaɗai a gida, a sami wanda zai tsaya a ƙasa.

Maman_Amira
Sallama gare ku. Ni a Bauchi nake, unguwar Fadaman Mada, ina ɗaukar murya ta tallace-tallace da labaran yara. Abin da kuke faɗa ya faru da ni. Silin ɗina PVC ne. Wanda ya yi mini aikin ya murɗa ƙugiyoyi huɗu, biyu sun sami katako, biyu kuwa a robar kawai suka tsaya, ni ban sani ba. Wata uku lafiya lau. Ranar nan da azahar a watan Afrilu, zafi ya yi zafi, ina kicin na ji ƙara. Na shigo na tarar allon ya saki ta gefe ɗaya yana lilo, ƙusurwarsa ta daki makirfo ta karya ƙafarsa. Minti kaɗan kafin nan 'yata ce zaune a kujerar tana aikin makaranta. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Don Allah ɗan'uwa Dan_Bolari, ko wa zai yi maka aikin, ka tsaya da kanka ka ga abin da kowace ƙugiya ta kama.

Dan_Bolari
Subhanallah. Allah ya ƙara tsarewa Hajiya. Wannan ne ainihin abin da nake tsoro.

Injiniya_Gubi
Allah ya kiyaye gaba. Bari mu san nauyin da muke magana a kai. Allo ƙafa huɗu a biyu, kauri inci huɗu, in rokwul ɗin mai kilo 60 ne a kowace mita kubik, shi kaɗai kilo huɗu da rabi ne. Ka ƙara firam da yadi, za ka tashi wajen kilo bakwai zuwa tara, ya danganta da irin katakon. Ba wani nauyi ba ne a hannu, amma daga ƙafa tara zuwa kan mutum, da ƙusurwar katako, ya isa. Shawarata kowace ƙugiya ɗaya ta iya ɗaukar allon duka ita kaɗai har da rara. Gwajin ma a gida yake: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, to ka cika jarka mai lita 20 ka rataya a kowace maratayi, ka bar ta ta kwana. Wadda ta riƙe jarka har safe ba ta motsa ba, allon kilo takwas da aka raba wa maratayi huɗu ba zai dame ta ba. Ka sa jarkar ta yi kusa da ƙasa da doguwar igiya, ka kwashe kayanka daga wurin.

Kuma ƙugiya mai buɗaɗɗen baki ba ta dace ba. Mai rufaffen ido za ka nema, ko ka matse bakin da filaya bayan ka sa sarƙa.

Dan_Kumo
Ku gafarce ni in shigo da tawa. In na sa irin allunan nan a sama da bango, ƙarar janaretan maƙwabcina za ta daina shigowa? Ga injin markaɗe a bayan gida, ga 'yan A Daidaita Sahu da ham.

Injiniya_Gubi
A'a Malam, ba za ta daina ba, kuma nan ne kuɗin mutane da yawa ke salwanta. Aiki biyu ne daban. Allo yana gyara sautin da ke cikin ɗaki, ya hana shi yin tsalle yana dawowa. Hana sauti shigowa ko fita kuwa nauyi yake so da toshe kafofi: bango mai kauri, ƙofa mai nauyi da roba a gefenta, taga mai gilashi biyu. Inda iska za ta bi, sauti zai bi. A gidajenmu ma ta sama ya fi shigowa, don bango yakan tsaya a daidai silin, cikin rufin kuwa a buɗe yake daga wannan ɗaki zuwa wancan.

Dan_Kumo
Kai, ashe da na yi asara. To ruwan sama a kan kwano fa? Daga Yuni zuwa Satumba ni aikin ma ajiye shi nake in hadari ya haɗo.

KafintanTumfure
In ka shimfiɗa rokwul a cikin silin ta sama zai rage, kuma ɗakin zai fi sanyi. Amma ruwa mai ƙarfi a kan kwano sai dai ka jira ya ɗauke. Masu dekin, wato rufin kankare, su ne suka huta da wannan.

Mai_Dekin_Jahun
Mun huta da ruwa amma ba mu huta da huji ba. Nawa ɗakin a ƙasan bene yake, saman kankare ne. Na yi amfani da bolt ɗin ƙarfe mai buɗewa a cikin rami, mai ido a kansa, da injin huda mai duka. Ramin ka busa ƙurar ciki tas kafin ka sa bolt, in ba haka ba ba zai ciza sosai ba. Fishar roba ban yarda da ita a sama ba, ko a kankare. Ya riƙe shekara biyu ke nan ko motsi.

Sarkin_Wayarin
@Mai_Dekin_Jahun ka yi sa'a ba ka huda bututun waya ba. A dekin ana binne bututun ne kafin a zuba kankare, kuma yakan tashi daga inda ƙwan lantarki ko fanka suke ya miƙe zuwa bangon da makunni yake. Duk wanda zai huda ya ja layi a ransa tsakanin waɗannan wurare ya kauce masa. In injin ya ci karo da rodi kuma kada a matsa masa, a matsa gefe kaɗan a sake rami.

Baba_Rediyo
Tunda ana lissafa irin silin, akwai wanda ba a ambata ba. Tsofaffin gidaje, musamman kwatas-kwatas na da, silin ɗinsu asbestos ne, farin allon nan mai tauri da ake rufe haɗinsa da siririn katako. Shi kada a huda, kada a goge, kada a yanka. Ƙurarsa in ta shiga huhu ba ta fita, cutar kuma sai bayan shekaru masu yawa take bayyana. Mai irin wannan ɗakin ya nemi wata dabara daga bango.

MaiHaya_Gwallameji
Baba ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ni gidan haya nake, mai gidan ko kusa bai yarda a buga a silin ba. Abin da na yi, na sa aka yi mini firam mai ƙafa huɗu da tu-bai-fo, kamar rumfar mai shayi, ya tsaya a ƙasa ya haye kan teburina, allunan suka kwanta a kansa aka ɗaure. Na sa masa katako a karkace a kusurwoyi don kada ya yi rawa. Ya ci wuri, amma ranar da zan tashi kwance shi zan yi in tafi da abina.

KafintanTumfure
Dabara ce mai kyau. In mai gida ya yarda da huda bango, ana iya kafa katako a bango biyu masu fuskantar juna a ɗora tu-bai-fo biyu a kai su ratsa ɗakin. Ƙafa goma ba ta yi masa tsawo ba in an tsayar da shi ta faɗinsa. Sai dai a tabbata fisha ta sami cikin bulo mai ƙwari, don wani bulon yashi ne zalla.

Dan_Bolari
To a daidai ina zan rataya su? A tsakiyar ɗaki, ko saman kaina, ko saman makirfo?

Dalibin_Fiziks
Yaya, ka nemi madubi da mutum ɗaya. Ka zauna a kujerar da kake haɗa sauti, shi ya hau tsani ya manna madubi a silin yana jan sa a hankali. Duk inda ka hango sifikarka a cikin madubin, nan ne sauti ke dukan silin ya faɗo kunnenka. Zai kasance wajen tsakiya tsakaninka da sifikun. Na lissafa da tsayin ɗakinka: in kana zaune mita ɗaya daga sifika, sautin da ya bi ta silin yana ƙara tafiyar sama da mita biyu, ya iso bayan na farko da kashi 6 ko 7 cikin dubu na daƙiƙa. Kunne ba ya jin sa a matsayin amsa-kuwwa, haɗe su yake yi, sai wasu amo su ƙaru wasu su ɓace. Shi ya sa za ka haɗa waƙa ta yi daɗi a ɗaki, ka sa a mota ka ji wani abu daban.

Abin da ke burge ni, wanda ya kafa ilmin sautin ɗaki ma da matasan kujera ya fara. Wallace Sabine, malamin fiziks a jami'ar Harvard, a 1895 aka ba shi wani zauren lacca da ba a jin magana a cikinsa saboda amsa-kuwwa na ɗaukar sama da daƙiƙa biyar. Da dare yake kwaso matasan kujeru daga wani zaure yana jerawa, yana busa bututun ogan yana auna lokaci da agogo, har ya gano alaƙar girman ɗaki da yawan abin da ke shan sauti. Da lissafinsa aka gina zauren kiɗa na Boston da aka buɗe a 1900.

Maman_Amira
Dalibi wannan dabarar madubi ta masu haɗa kiɗa ce. Shi ɗan'uwa ya ce ɗaukar murya ya fi yi. In alluna biyu ne kawai gare shi, ni da ɗaya zan sa a saman inda mai magana ke tsayawa. Mutum a tsaye bakinsa ya fi kusa da silin, makirfo kuma yana kwasar abin da ya dawo daga sama. Ni da na gyara nawa, nan na ji bambanci ya fi yawa.

Injiniya_Gubi
Hajiya ta yi gaskiya. Sannan @Dan_Bolari kafin ka ɗora wa silin laifin duka, ka gwada tafin a wurare daban-daban. "Tirrr" ɗin nan yana faruwa ne tsakanin fuska biyu masu tauri da ke kallon juna. Zai iya zama tayil da silin inda darduma ba ta kai ba, zai iya zama bangon gaba da na baya. Ka sa wani ya ɗaga katifa a saman kanka ka tafa, in ya mutu to sama ce. Akwai kuma wani gunji da tsayin ɗakin ke haifarwa, a ƙafa tara yana wajen 63 Hz. Shi allo biyu ba za su kawar da shi ba, sai manyan allunan shan sauti masu kauri a kusurwoyi. In kana son gani da ido, akwai manhaja kyauta mai suna REW da ke zana maka yadda ɗakin ke amsawa.

Malam_Azare
Ina karanta ku ina tuna ɗakin kakana na soro. Bangon ƙasa mai kauri, rufin azara, ga tabarmi da buhunan hatsi a gefe. In ana karatu a ciki murya tana fita tas, ƙarar waje kuma ba ta shigowa, ga sanyi da rana. Yanzu mun koma bulo da tayil da POP, komai santsi da tauri, sai mu dawo muna sayen abin gyara. Tambayata, ba za a iya cusa audugar rimi ko auduga a allon ba maimakon rokwul da sai an aiko daga nesa? Gombe ai ƙasar auduga ce.

Baba_Rediyo
Malam auduga tana shan sauti ƙwarai, ba musu. Amma audugar rimi da wuta kamar fetur ne, kuma a sama tana taruwa gefe guda, ga ɓera da ƙwari. A bango mai yiwuwa in yarda, a saman kai kusa da waya ban ba da shawara ba. Game da soro kuwa, mai rufin shimfiɗe ya fi. Wanda aka yi wa bakan gizo ya lanƙwasa yana tara sauti wuri ɗaya, in ka tsaya a tsakiya sai ka ji muryarka ta dawo maka.

Tela_Herwagana
Ni ta fannin yadi zan sa baki, don na ɗinka wa mutum biyu rigar irin allunan nan. Kada a sa leda ko shadda mai sitati, ko yadi mai sheƙi da aka matse saƙarsa. Ka kanga yadin a bakinka ka hura, in iska ta wuce da sauƙi ya yi. Buhun algarara sabo yana yi sosai, ga araha. A rufe bayan allon ma da yadi mara nauyi saboda zaren rokwul kada ya riƙa zubowa, kada a sa filawud a baya. Kuma ta fuskar ƙasa a ja ragar kaji ko siraran katako biyu kafin yadi, in ba haka ba cikin allon zai sauko kamar tumbi bayan 'yan watanni. Masu aikin su sa safar hannu da takunkumi, yana da ƙaiƙayi. Launi kuma a guji baƙi ƙirin, ƙurar hunturu tana nunawa a kansa.

Injiniya_Gubi
Maganar filawud ɗin nan a riƙe ta. In ka rufe bayan da katako, tazarar da muka yi ta magana a kai ta tashi a banza.

Mai_Kida_Yelwa
Baba na dawo da rahoto. Na kanga wa guntun soson ashana a tsakar gida. Ya kama, ya yi ta ɗiga da baƙin hayaƙi har sai da na zuba masa ƙasa. Na fara ɓamɓare na silin, gam ɗin yana tahowa da fenti. Amma har yanzu ina ganin na bango zan bar shi, ban da kuɗin rokwul yanzu.

Baba_Rediyo
Madalla ɗana. Na bangon ka nisanta shi da soket da ƙofa, ka ajiye abin kashe gobara a kusa, in hali ya samu ka canja.

Dan_Bolari
Jama'a ga inda aka kwana. Na yi gwajin katifa, tafin ya mutu, to sama ce. Jiya bayan asuba muka hau ni da kafinta, ƙanena yana ƙasa, wuta a kashe. Alhamdu lillahi da muka hau, don nogin biyu a daidai inda mai POP ya nuna mini gara ta cinye cikinsu, da na soka sukudireba sai ta shige kamar a burodi. Mun canja su, muka shafa maganin gara, muka kwantar da tu-bai-fo biyu a kan manyan katako, rodi huɗu suka sauko. Jarka ta kwana a biyu, yau za ta kwana a sauran biyun. Na bi shawarar Hajiya Maman_Amira, ɗaya zai tafi saman wurin makirfo. Matsalar da ta rage ita ce na biyun. Madubi ya nuna mini daidai inda fanka take.

Sarkin_Wayarin
Cire fankar ka toshe wayar a cikin akwati, ka sayi ta tsaye. Dama ba ka kunna ta lokacin ɗauka.

Maman_Amira
Cire fankar sama a Gombe? Ga watan Maris na tafe, ɗaki ba taga. Tsakanin ɗauka da ɗauka ai sai an sha iska, in ba haka ba mawaƙin ma ba zai iya ba. Ni da teburin zan matsar.

Dalibin_Fiziks
In ya matsar da tebur gefe, sifikun ba za su yi daidai tsakanin bangon hagu da na dama ba, wata matsalar ce kuma. Sai dai ya matsa gaba ko baya.

KafintanTumfure
Ko a raba allon gida biyu, ƙafa biyu a biyu kowanne, a sa ɗaya hagu ɗaya dama, fanka a tsakiya. Amma sai na san tsawon sandar fankar da faɗin fukafukanta, don allo da tazararsa sun sauko inci takwas, dole fiffike ya wuce ƙarƙashinsu da rata mai kyau, kuma iska za ta ragu. @Dan_Bolari auno mini daga silin zuwa fiffike, da daga tsakiyar fanka zuwa bakin fiffike, ka turo da hoto.

Dan_Bolari
To Oga, ina dawowa daga kasuwa zan auna in turo in sha Allah.